Farautar Zabin Daji a Ƙarshen Bazara

A Jihar Kebbi, cikin ƙasar Sarkin Gwandu, akwai garuruwa uku da ke maƙwabtaka da juna, watau Jega da Aliero da Maiyama. Jega tana bakin Gulbin Zamfara, wanda mutanen wurin ke kira Gulbin Gindi, ta kuwa yi suna tun zamanin da saboda babbar kasuwarta. Aliero tana arewa maso gabas da ita, a kan hanyar Tambuwal da Sakkwato, ita ce garin albasa da masu ɗori. Maiyama kuma tana kudu, a kan hanyar da ta nufi Koko da Yawuri. Tsakanin garuruwan nan akwai gonaki da fadamu, akwai kuma sauran daji nan da can, mai sabara da geza da kalgo da ƙayoyi, da manyan itatuwa jefi-jefi. A irin wannan daji ne zabin daji ke zaune.

Babu yaron da bai san zabuwar gida ba, mai yawan kuka, mai wuyar kamu. To, zabon daji ɗan'uwanta ne, asalinsu guda. Tun zamani mai tsawo mutanen Afirka ta Yamma suka riƙa kamo na daji suna kiwo, har suka zama na gida. Na gida launinsu ya rarrabu, akwai farare, akwai masu ruwan toka, akwai masu farin ƙirji. Na daji kuwa duk riga iri ɗaya gare su, baƙa-baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, kamar an yayyafa mata nono. Kan zabo ba gashi, sai wani ɗan ƙaho mai tauri a tsakiya, da jan leɓe biyu a gefen baki. Nauyinsa bai cika wuce kilo 1 da rabi ba. Abin lura kuma shi ne, namiji da mace kamarsu ɗaya. Ko tsohon maharbi, in ya hango su daga nesa, da wuya ya ce ga zabo ga zabuwa. A riƙe wannan da kyau, gama za a komo kansa a gaba.

Da rani zabin daji ba su zama ɗai-ɗai. Su kan haɗu garke guda, 20 ko 30, wani lokaci ma fiye da haka. Kwanansu a bisa itace ne, kamar tsamiya ko marke ko gawo, don kada dila ko muzuru ya same su. In ba a dame su ba, su kan yi ta komawa itace ɗaya kowane dare. Da gari ya waye sai su sauko, su yi layi, wannan na bin wannan, su nufi ruwa. In sun sha, sai kiwo. Su tona ƙasa da ƙafa kamar kaji, su tsinci 'ya'yan ciyawa, da zubabben gero da dawa a gonakin da aka girbe, da fara da gara da kaska. In rana ta take, su shiga ƙarƙashin sabara, su yi birgima cikin ƙura, su huta. Da la'asar su sake fita kiwo. Kafin almuru kuwa sun koma gindin itacensu, su yi ta surutu, sa'an nan su hau ɗaya bayan ɗaya. A yini guda garke ya kan yi tafiyar kilomita da dama, duk kuwa a ƙasa. Zabo yana da fiffike, amma ya fi amincewa da ƙafarsa. Sai ya ga gudu ba zai fisshe shi ba ya ke tashi fir, ya ɗan yi nisa, ya sauka, ya ci gaba da gudu.

Wannan hali na bin hanya ɗaya kullum shi ke tona asirinsu. Maharbin kirki ba ya shiga daji ya yi ta yawo barkatai yana fatan sa'a. Ƙasa ya ke fara karantawa, kamar yadda almajiri ke karanta allo. Ya dubi sawu a rairayi, ya ga yatsu uku a gaba, ya san inda suka fito da inda suka nufa. Ya lura ko gefen sawun yana nan tsaf, ko kuwa iska ta rushe shi, ta haka ya ke gane na yau ne ko na shekaranjiya. Ya sami ɗan gurbin da suka yi birgima, ga gashi mai ɗigo-ɗigo a ciki, ya san nan ne wurin hutunsu na rana. In kuwa ya tarar da gindin wani itace ya yi fari fat da kashin tsuntsu, ga gashi a warwatse, to, ya sami makwanci ke nan. Wanda ya san mashaya, ya san makwanci, ya san hanyar da ke tsakaninsu, ya riga ya yi rabin aiki.

Masu neman namun daji a ƙasar Hausa iri biyu ne. Akwai mafarauta, waɗanda ke fita ƙungiya, gari guda ko garuruwa da dama, da karnuka da sanduna da makaɗa. Su kan yi sahu su kewaye daji, abin da ya tashi duka a bi shi, ko zomo ne, ko gada, ko makwarwa, wadda mutanen wannan yanki ke kira fakara. Akwai kuma maharba, masu fita ɗai-ɗai ko biyu-biyu, ba kiɗa, ba hayaniya. Ga al'ada suna da shugabanninsu, kamar Sarkin Dawa da Sarkin Baka. Lokacin farauta kuwa rani ne, bayan an kai amfanin gona gida, hannu ya huta, ciyawa ta bushe ta kwanta, ido yana iya kaiwa nesa.

Makamansu sanannu ne. Akwai baka da kibiya, ko da ya ke yanzu sun ja baya. Akwai adaka, bindigar da maƙeran gida ke ƙerawa, wadda a ke ɗura wa albarushi ta baki. Harbi ɗaya ta ke yi, kafin a sake ɗura ta kuwa garke ya daɗe da ɓacewa, saboda haka mai ita ba ya harbi sai ya tabbata. Doka ba ta yarda kowa ya riƙe bindiga ba sai da lasin. Akwai kere, ɗan guntun itace mai lanƙwasa da a ke jifa da shi. Akwai kuma asuta, watau tarkon zarge da a ke ɗanawa a hanyar tsuntsaye, ƙafa ko wuya ya shiga, igiya ta shaƙe.

Duk abin da aka faɗa game da halin zabi, na tsakiyar rani ne. In bazara ta tsufa, al'amari ya kan sake har sau biyu, maharbin da bai lura ba kuwa ya kan koma gida da jaka wayam.

Sakewa ta fari tana zuwa ne da zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi ya kan haura 40 da tsakar rana a wannan yanki. Tafkuna su ƙafe, ƙasarsu ta tsattsage. Gulbin Gindi ya ja baya, ya bar rairayi da 'yan gurabun ruwa nan da can. Hatsin da ya zube a gonaki kuwa tuni dabbobi da tsuntsaye da tururuwa sun tsince shi. Sai zabi su matso kusa da fadama, inda akwai sauran danshi, da lambuna, da shinkafar rani. A kwanakin nan ƙishirwa ke jan ragamarsu. Mashaya ta ragu, saura biyu ko uku a daji guda, dole kuwa su zo. Maharbi ya kan tashi tun asuba ta fari, ya je ya sami wani kurmin geza kusa da ruwa, ya zauna a ciki tun duhu bai yaye ba. Ya juya wa gabas baya, domin in rana ta ɓullo ta haske masa tsuntsaye, su kuwa ta kashe musu ido. Sa'an nan ya yi tsit. In gada ko barewa a ke nema, sai an lura da inda iska ke kaɗawa, gama da hanci su ke gane mutum. Zabo kuwa da ido da kunne ya ke tsaron kansa. Ƙuda ya sauka a fuskar maharbi, ba shi da damar korarsa. In ya ɗaga hannu kaɗan, ɗaya daga cikin garken ya gani, sai ya ɗaga wuya ya saki kuka, sauran su amsa baki ɗaya, daji ya ruɗe. Shi ke nan, aikin ranar ya ɓaci. Ba zabi kaɗai ke jin wannan gargaɗi ba, har zomo da gada su kan ji su yi ta kansu.

Amma kada a ɗauka abin da sauƙi domin ruwa ya yi ƙaranci. Zabin da suka kai ƙarshen bazara su ne waɗanda suka tsira daga wata huɗu ko biyar na karnuka da tarko da ƙarar bindiga. Wawayen cikinsu tuni sun shiga tukunya. Waɗanda suka rage sun ga jiya sun ga yau. Su kan tsaya nesa da ruwa su daɗe suna leƙe, wani lokaci su fasa sha ɗungum su juya.

Sakewa ta biyu tana zuwa ne da hadari. Wajen watan Mayu gabas ta kan fara yin baƙi da maraice, iska ta taso da ƙura, wata rana kuwa ruwan fari ya sauka. Kashegari sai ka ce an musanya dajin. Kowane kwari ya riƙe ruwa, saboda haka zabo ba ya bukatar tsohuwar mashaya, mai kwanto a can zai yini shi kaɗai. Shinge ya fito daga suri rututu, ƙwari iri-iri suka farka, abinci ya samu ko'ina. Sabara da kalgo su ƙara toho, ciyawa ta tsiro, ido ba ya kaiwa nesa kamar da. Gawo kaɗai ke saɓa wa 'yan'uwansa, gama shi da damina ya ke zubar da ganye, ya tsaya tsirara sa'ad da kowa ke yin sabuwar riga.

Babban abin da ke faruwa kuwa shi ne, garke ya watse. Tun kafin ruwa ya zauna, mazan su kan fara tsere da juna. Ka ga biyu ko uku sun ɗaga fikafikai sun yi doro, suna kora da gudu, su kewaya nan su kewaya can, har ɗaya ya gaji ya janye. Daga nan kowane zabo ya zaɓi zabuwa guda, su ware su biyu. Ya riƙa binta duk inda ta sa ƙafa. In ya sami fara ko wani ƙwaro mai maiƙo, ya ajiye mata, ya kira ta ta ci. Tana kiwo, shi kuwa wuyansa a miƙe yana gadi. Garken 30 da a ke gani jiya ya koma biyu a nan, biyu a can, cikin ganye. Layin sawu ya ɓace, itacen makwanci ya yi shiru.

Sa'an nan ne maharbi ke komawa ga kunnensa, domin a kuka kaɗai a ke rarrabe su sosai. Kukan zabuwa gaɓa biyu ne, ta ɗaga ta sauke, ta yi ta maimaitawa ba gajiya. Na zabo gaɓa ɗaya ce, gajera mai kaifi. Mace tana iya yin irin na namiji in ta tsorata, amma namiji ba ya iya yin nata ko kusa. Wanda ya zauna da sanyin safiya a bakin daji wajen Maiyama, ya kasa kunne, zai iya ƙidaya matan da ke kewaye da shi ba tare da ya ga ko guda ba.

Jin kuka daban, kusantar mai kukan daban. A nan ne wata tsohuwar dabara ta maharban Hausa ke da amfani, watau burtu. Burtu wani babban tsuntsu ne baƙi, mai dogon baki, wanda ke yini yana tafiya a ƙasa yana kiwo. Namun daji da tsuntsaye sun saba da shi, ba su gudunsa. Sai maharbi ya sassaƙa itace kamar wuyan burtu, ya rufe shi da fata, ya kafa masa baki, ya ɗaura a goshi. Ya yafa baƙin zane, ya durƙusa, ya riƙa rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai sama da ƙasa, kamar mai tsintar ƙwari. Ba ya nufar abin harinsa kai tsaye. Ya ɗan yi dama, ya tsaya ya yi kamar yana caccakar ƙasa, ya ɗan yi hagun, a hankali a hankali har ya kai inda makaminsa zai isa. Aiki ne na gwiwa da haƙuri, ga ƙaya, ga ƙarangiya, ga zafin ƙasa. Ba kowa ya iya shi yanzu ba, burtun kansa ma ya yi ƙaranci a daji.

Masu karnuka hanyarsu dabam ce. Kare ya bi sansano ya tayar da zabo, zabo ya haye itace mafi kusa, ya tsura wa karen ido yana zage-zage. Hankalinsa duk yana ƙasa wurin kare, har mutum ya zagayo ta baya. In kuwa fili ne ba itace, sai a bi shi. Tashin fari ya yi nisa, na biyu bai kai na fari ba, na uku kuwa da ƙyar. Naman ƙirjinsa an yi shi ne domin tashi na farat ɗaya, ba ya jure doguwar tafiya irin ta shamuwa ko shirwa. Da zafin bazara ya kan gaji da wuri, ya kutsa kai cikin ƙaya, kare ko kere ya same shi a nan. Wanda ya kama kuma sai ya yi hanzari ya yanka.

Akwai hatsari a farautar wannan lokaci wanda babu irinsa da tsakiyar rani. Ƙarshen bazara lokacin sharar gona ne. Manoma suna cikin daji suna sassabe, mata suna neman itace, yara suna kiwon awaki, makiyaya suna wucewa da shanu. Ganye kuwa ya fara rufe ido. Wanda ya ga ciyawa ta motsa ya saki harbi, bai san abin da ke ciki ba, yana iya jawo wa kansa da wani gida baƙin cikin da ba ya ƙarewa. Mai burtu ma yana cikin wannan hatsari, gama in ya iya kwaikwayo ƙwarai har ya ruɗi tsuntsu, yana iya ruɗin wani maharbi. Domin haka ƙa'idar masu bindiga ita ce, ba a harbin motsi, ba a harbin kuka, sai an ga tsuntsu sarai, an kuma ga abin da ke bayansa. Bindiga kuwa ba abin wasan yara ba ce ko kaɗan.

Da ruwa ya zauna, zabuwa ta nemi wurin ƙwai. Ba ta yin sheƙa a bisa. Ƙasa ta ke ɗan tonawa, a gindin gamba ko ƙarƙashin wani kurmi mai ƙaya, ta ɓoye wurin ƙwarai. Ta kan yi ƙwai 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. In aka tarar da 20 ko 30 a gurbi guda, galibi mata biyu ko uku ne suka haɗa. Ƙwan bai kai na kaza girma ba, amma ɓawonsa ya fi tauri nesa. Ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28. A cikin kwanakin nan ba ta cika tashi ba, sai ta ɗan fita ta ci ta komo. Rigarta mai ɗigo-ɗigo ta saje da inuwar ciyawa, har mutum ya kusa taka ta bai gani ba. Tsakin suna fitowa, jikinsu ya bushe, sai su bi uwa, uban kuma ya taya reno. Maƙiyansu ba su ƙidayuwa. Guza da tunku da maciji suna shan ƙwai, shaho yana ɗaukar tsaki. Raɓar safiya ma tana kashe su, domin in suka jiƙe cikin doguwar ciyawa sanyi ya kan kama su. Cikin goma sha biyun nan, kaɗan ne ke ganin kaka.

To, ga lissafi. Da hunturu garke cike ya ke da 'yan bana. Ko ba maharbi, da yawansu yunwa da namun daji za su ɗauke kafin damina. Wanda ya kama biyu ko uku a lokacin, ya ɗiba ne daga abin da ya yi yawa. Amma waɗanda suka rage a ƙarshen bazara su ne iri. Kowane manomi a Aliero ko Jega ya san damin da a ke ware wa shuka, ba a kai shi turmi komai tsananin yunwa. In aka kashe zabuwa tana kan ƙwai 12, an ci tsuntsu 1, an hallaka 13.

Akwai wata ƙasa mai nisa da ta taɓa shiga wannan matsala da wani tsuntsu, ta kuwa fita. Talotalon da a ke kiwo a gidaje, asalinsa tsuntsun daji ne na Amurka ta Arewa. Mutanen Meziko suka fara mai da shi na gida, Turawan Sifen suka kai shi Turai bayan shekara ta 1500, daga can ya bazu cikin duniya. Abin dariya, da ya isa Ingila sai aka ruɗe shi da zabo. A lokacin suna kiran zabo kazar Turkiyya, sai sunan ya koma kan talotalo ya zauna har yau, zabo kuwa aka riƙa kiransa kazar Gini. Har yanzu akwai talotalon daji a dazuzzukan Amurka. Amma wajen shekara ta 1930 ya kusa ƙarewa, saboda saran daji da harbi ba ƙa'ida, a jihohi da dama ma ba a bar ko guda ba. Sai aka kafa dokoki, aka riƙa kamo waɗanda suka rage da raga ana kai su dazuzzukan da suka rasa. Yanzu yawansu ya kai miliyoyi.

A can ma ana farautarsa a lokacin da ya ke neman aure, watau watannin Afrilu da Mayu, sa'ad da sanyi ya wuce itatuwa ke toho. Maharbi ya sayi lasin, ya je tun da duhu ya jingina da gindin itace, ya riƙa kwaikwayon kukan mace da wani ɗan akwatin katako, har namiji ya taho yana buɗa wutsiya. In lokacin ya kusa ƙarewa abin ya kan yi wuya, kamar dai na zabo. Ganye ya rufe daji, mata sun kwanta kan ƙwai, mazan da suka rage sun yi wayo, sun rage kuka, wani ma ya kan lallaɓo shiru ba ya amsawa. Dokarsu ta wannan lokaci kuwa ita ce, mai gemu kaɗai a ke harbi, watau namiji, an kuma ƙayyade wa kowa yawan da zai kashe.

Mai karatu zai ce, to, me zai hana a yi haka da zabo, a harbi maza a bar mata? Abu biyu ke hanawa. Na fari, namijin talotalo ba ya ɓoyuwa. Ya kusa ninka mace girma, ga wani gemu yana reto a ƙirjinsa, ga wutsiya kamar maficin sarki. Zabo da zabuwa kuwa, kamar yadda aka faɗa tun farko, kamarsu ɗaya, mai harbi cikin ganye ba ya sanin wanda ya samu sai ya ɗauka. Na biyu, talotalo guda yana auren mata da yawa, kuma ba ruwansa da ƙwai ko tsaki, in ya mutu bayan barbara ba abin da ya ragu a gurbi. Zabon daji kuwa mijin mace ɗaya ne, shi ne mai gadi, shi ne mai taya reno. Saboda haka dabarar da ta yi wa talotalo daidai ba ta yi wa zabo ba. Abin da ya dace da shi shi ne, da an ga garke ya rabu biyu-biyu, a rataye bindiga, a kwance asuta. Da ma lokacin ne gona ke kiran kowa, fartanya ta karɓi hannun da ke riƙe da kere.

Harbi ba shi kaɗai ke rage zabin daji ba. Mutane sun ƙaru, gonaki sun ci daji, an sare manyan itatuwan da su ke kwana a kai domin itacen girki da gawayi. Ƙunar daji, musamman wadda a ke yi a makare, tana cinye ciyawar da za su ɓuya a ciki. Mafi muni duka shi ne abin da waɗansu ke yi na jiƙa hatsi da maganin ƙwari su watsa a mashaya. Wannan ba farauta ba ce. Yana kashe garke dukansa, da kurciya da hasbiya da duk abin da ya ci, naman kuma guba ne ga wanda aka sayar wa. Tun a shekara ta 1963 Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji, wadda ta jera waɗanda ba a kashewa sam, da waɗanda sai da izini. Amma doka tana takarda, mai gadin daji kuwa ba ya iya tsayawa a gindin kowace gamba. Galibi yaro mai kiwon awaki ne ke fara ganin gurbin ƙwai, shi da shi kaɗai, ba mai ganinsa.

Wanda ke son ƙwan zabi ba sai ya shiga daji ba. Da damina, in ka tsaya a tashar Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, za ka ga yara da farantai cike da dafaffen ƙwan zabi da ɗan yaji a ƙulle. Yawancinsa na zabin gida ne, na ƙauyuka da rugagen Fulani. Zabuwar gida ta gaji halin ta daji, da damina ta ke ƙwai, kuma a ɓoye cikin ciyawa a bayan gida. Mai ita ya kan bi ta a hankali har ya gano wurin, ya riƙa kwasa yana bar mata ɗaya ko biyu, don kada ta yi fushi ta sake gurbi. In ana son tsaki kuwa, ba a cika bar mata kwanci ba, gama ba ta da natsuwar reno a gida, ta kan ja 'ya'yan cikin raɓa. Kaza a ke sa wa. Kaza tana ƙyanƙyashe nata a kwana 21, na zabi kuwa sai wajen 28. Saboda haka mai dabara ya kan fara sa mata ƙwan zabi, bayan kwana 7 ya ƙara nata, su fito tare. Kazar ta rungume su duka ba ta bambantawa. Suna girma sai hali ya bayyana. Da almuru 'ya'yan kaza su bi uwarsu cikin akurki, 'yan zabi kuwa su tsaya a gindin darbejiyar tsakar gida suna surutu, sa'an nan su hau ɗaya bayan ɗaya.